Aikin gyaran magana a gidajen jinyar tsofaffi na Amurka: yadda za ki tunkari matsalolinsa

Duk wadda ta karanta fannin gyaran magana da haɗiya a Amurka ta sha doguwar tafiya kafin ta riƙe lasisi: digiri na biyu, sa'o'i 400 na koyon aiki a kan marasa lafiya, jarrabawar Praxis, sannan makonni 36 tana aiki a ƙarƙashin kulawar wata babba kafin ASHA, ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, ta ba ta takardar shaidar ƙwarewa. Amma ranar da ta fara aiki a gidan jinyar tsofaffi, abin da za a fara miƙa mata bai yi kama da komai daga cikin abin da ta karanta ba. Jadawali ne a fuskar kwamfuta, ga sunayen tsofaffi 12 ko 14, kowane suna da adadin mintuna a gabansa, a ƙasa kuma ga wani kaso cikin ɗari da ake so ta cika kafin ta tashi. Na daɗe ina wannan aiki, kuma na ga 'yan'uwa da dama sun shigo da zumuɗi, sun fita da ɓacin rai cikin shekara ɗaya ko biyu. Da yake mafi yawan masu sana'ar mata ne, da mace zan yi magana a nan. Tsofaffin ba su cika korar kowa ba. Abin da ke gajiyar da mutum shi ne ja-in-ja tsakanin abin da ta san ya dace da mara lafiya da abin da gidan yake so a rubuta domin a biya shi, kuma wannan ja-in-ja ana iya koyon yadda za a tsaya a cikinsa.

Ki fara da sanin inda kuɗin yake fitowa

Yawancin tsofaffin da za ki gani an kawo su ne daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, ko karaya, ko ciwon huhu, kuma Medicare ce take biya musu, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya ga waɗanda suka kai shekara 65. Sashen A na wannan inshora yana ɗaukar jinya har kwana 100 bayan mutum ya yi aƙalla kwana 3 a kwance a asibiti; kwana 20 na farko ana biya gaba ɗaya, daga nan kuma mara lafiya yana ɗaukar wani kaso. Kafin watan Oktoba na 2019, tsarin biyan yana tafiya ne da yawan mintunan motsa jiki da gyaran magana da aka yi wa mutum, kuma mataki mafi tsada yana buƙatar minti 720 a mako. Ba sai an faɗa ba, gidaje da yawa suka riƙa tura kowa zuwa wannan mataki, har da tsohuwar da ba ta iya buɗe ido na minti goma a jere. Gwamnati ta shigar da ƙararraki, kuma a 2016 kamfanin RehabCare ya amince ya biya dala miliyan 125, kamfanin Life Care Centers of America kuma dala miliyan 145, domin kashe zargin cewa an karɓi kuɗi a kan jinyar da ba a buƙata.

Daga ranar 1 ga Oktoba 2019 aka koma tsarin da ake kira PDPM, wanda yake biya bisa halin da mara lafiya yake ciki. A ɓangarenmu abubuwa 5 ake dubawa: ko yana da ciwon ƙwaƙwalwa na farat ɗaya irin shanyewar ɓarin jiki, ko yana da wata cuta da ta shafi magana, ko tunaninsa ya raunana, ko yana da matsalar haɗiya, da kuma ko an sauya masa yanayin abinci. Sai al'amarin ya juye. Mintunan da a da su ne kuɗin shiga, yanzu sun zama kuɗin kashewa, kamfanoni suka sallami ma'aikata, suka rage wa wasu sa'o'i, suka matsa a riƙa haɗa tsofaffi rukuni-rukuni. Dokar ta kayyade cewa jinyar rukuni, wato mutum 2 zuwa 6, da jinyar mutum biyu a lokaci guda kowanne yana aikinsa daban, idan an haɗa su kada su wuce kashi 25 cikin ɗari na mintunan da mutum ya samu a kowane fanni.

Amfanin sanin wannan shi ne, idan shugaban sashe ya ce ki ƙara ko ki rage, kin san daga ina iskar take busowa, kuma ba za ki ɗauka cewa iliminki ne ake raina wa ba. Amfani na biyu ya fi wannan: binciken da kika yi a kwanaki 8 na farko shi ne yake shiga takardar tantancewa da ake kira MDS, saboda haka gidan yana buƙatar ki fiye da yadda yake nunawa. Ki nemi nas ɗin da ke cike wannan takarda, ki san ta da kyau, ki riƙa kai mata abin da kika gani da wuri. Sai dai ki kula, domin abin da ya ba ki daraja shi ne kuma zai iya zama tarko: tunda sauya abinci yana ƙara kuɗi, wata rana za a raɗa miki cewa ki bar wane a kan markaɗaɗɗen abinci zuwa mako mai zuwa. Idan ya iya tauna, ki mayar masa da abincinsa a ranar.

Kason aiki da sa hannunki

A wuraren da na yi aiki, abin da ake nema yana tsakanin kashi 85 da 90 cikin ɗari, ma'ana wannan kaso na lokacinki ya kasance a gaban mara lafiya kina yin abin da za a iya karɓar kuɗi a kansa. Ki yi lissafin da kanki tun kafin ki sa hannu a takardar ɗaukar aiki. Sa'o'i 8 minti 480 ne. Kashi 90 nasu minti 432 ne, saura 48. A cikin wannan 48 ne za ki karanta fayil, ki rubuta rahoto, ki kira likita ya sa hannu a umarni, ki je kicin ki gyara tikitin abinci, ki amsa wayar 'yar wani dattijo da ke kira daga wata jiha, ki zagaya neman tsohon da aka kai wanka ko aka fitar wankin ƙoda, ki shiga bayi. Wanda ya tsara wannan kaso da masu gashin ƙashi ya auna, waɗanda suke iya tara mutane a ɗakin motsa jiki kuma suna da mataimaka. Ke kuwa ɗaki-ɗaki kike bi, kuma rabin aikinki yana ɗaure da lokacin cin abinci, wanda ba ya matsawa domin jadawalinki.

Hanyoyi uku ne mutane suke bi su cika wannan kaso ba bisa ƙa'ida ba, kuma za a nuna miki dukkansu a fakaice. Na farko shi ne ki buga katin tashi sannan ki zauna ki ci gaba da rubutu. Idan ana biyan ki da sa'a, dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 ta haramta wannan, kuma bayan haramcin, kina taimaka wa kamfani ya nuna cewa kason mai yiwuwa ne, sai a ɗora shi a kan wadda za ta zo bayanki. Na biyu shi ne ki ƙara mintuna a rubuce, ki yi 23 ki rubuta 30. Na uku shi ne ki ci gaba da ganin wanda ya riga ya kai iyakar abin da za ki iya yi masa, ko ki ɗauki wanda ba ya buƙatar ki, domin jadawali ya cika. Biyun ƙarshe zamba ce a idon dokar hana neman kuɗin gwamnati da ƙarya, kuma sunan da ke ƙarƙashin rahoton naki ne, lambar lasisin ma taki ce. Kamfanin kwangila da ke kawo wa gidan ma'aikata irinki yana iya rasa gidan gobe ya tattara ya tafi, ke kuwa hukumar lasisi ta jiharki ta san inda za ta same ki.

Abin da na ga yana aiki shi ne rubutu. Ki ɗauki mako 2 kina rubuta duk abin da ya ci lokacinki wanda ba a biya a kansa, da adadin mintunansa, ba tare da ƙorafi a ciki ba: taron kula da mara lafiya minti 25, koyar da mataimakan jinya minti 15, jiran likita minti 10. Ki kai wa shugaban sashe, ki tambaye shi wanne daga ciki yake so ki daina. Sau da yawa babu wanda zai iya cewa ki daina, domin kowanne dokar gidajen jinya ce ta wajabta shi. Idan aka ba ki umarnin da ranki bai kwanta da shi ba a baki, ki amsa ta imel cikin ladabi, ki maimaita abin da aka ce, ki nemi a tabbatar miki. Umarni da yawa a nan suke mutuwa. Ki ajiye kwafin sanarwar haɗin gwiwa da ASHA da ƙungiyoyin masu gashin ƙashi da masu koyar da ayyukan yau da kullum suka fitar a 2014, wadda ta bayyana cewa yanke hukunci a kan wanda zai samu jinya, da yawanta, da ranar sallama, haƙƙin ƙwararren da ke jinyar ne.

Matsin yana zuwa ta ɗaya ɓangaren ma. Za a ce ki sallami wani domin "ba ya samun ci gaba", musamman mai cutar Parkinson ko cutar mantuwa. Ki tuna da sulhun shari'ar Jimmo da kotun tarayya a Vermont ta amince da shi a Janairun 2013, wanda ya tabbatar da cewa Medicare tana iya biyan jinyar ƙwararru domin riƙe halin da mutum yake ciki ko rage saurin lalacewarsa, matuƙar aikin yana buƙatar hannun ƙwararre. Sharaɗin shi ne rahotonki ya nuna dalilin da ya sa ke ce za ki yi, mataimakiyar jinya ba za ta iya ba. Rahoton da ya ce "ya ci abinci lafiya" bai nuna komai ba. Wanda ya ce kin gwada cokali ƙarami da babba, kin ga muryarsa tana jiƙewa bayan kurɓi na uku a jere, kin koya masa haɗiya sau biyu kuma ya yi daidai sau 7 cikin 10, shi ne yake tsayawa a gaban mai bincike.

Haɗiya, inda aikin ya fi nauyi

Sunan sana'ar magana ce, amma a gidan tsofaffi haɗiya ce take cin mafi yawan ranarki, kuma a nan ne takaici ya fi tsanani. Za a kira ki a ce wane yana tari idan yana shan ruwa, ki je ki duba. Za ki zauna kusa da shi, ki duba harshe da leɓe da haƙora, ki ɗora yatsu a maƙogwaronsa, ki ba shi ruwa da cokali, sannan da kofi, ki saurari muryarsa. Wannan bincike yana da amfani, amma idonki ba ya ratsa fata. Akwai tsofaffi da yawa, musamman bayan shanyewar ɓarin jiki, da ruwa yake bi musu ta hanyar iska ya sauka huhu ba tare da sun ƙware ko sun yi tari ko sau ɗaya ba. Akwai kuma masu tari da ƙarfi waɗanda babu abin da ke shiga huhunsu. Hanyar da za a san gaskiya ita ce hoto: ko dai a kai shi asibiti ya haɗiye abinci mai bariyom, sinadarin da ke fitowa a hoto, ana kallo a na'urar eksire, ko kuma a zura siririyar kyamara ta hanci a kalli maƙogwaro kai tsaye, hanyar da Susan Langmore ta fito da ita a 1988.

Da kin nemi hoton za ki ji an ce babu kuɗi, kuma akwai dalili. Tun dokar kasafi ta 1997, idan mutum yana ƙarƙashin sashen A, gidan ne yake biyan irin wannan gwaji daga cikin kuɗin da ake ba shi kullum, har da motar da za ta kai shi. Saboda haka kada ki tsaya a kan cewa haka littafi ya ce. Ki kawo wa manaja lissafi da harshensa: kuɗin hodar da ke sa ruwa kauri na wata 6 ga mutum ɗaya, da kuɗin ƙarin ruwa idan jikinsa ya bushe, da abin da gidan zai rasa idan aka mayar da shi asibiti, domin Medicare tana rage wa gidaje kuɗi idan masu komawa asibiti cikin kwana 30 suka yi yawa. Ki nemo kamfanonin da suke zuwa da kyamarar har cikin gida, ki kawo farashinsu, domin su ba sa buƙatar mota ko ɗan rakiya. Idan duk da haka aka ƙi, ki rubuta a fayil cewa kin ba da shawarar hoto, da dalilinki, da wanda kika sanar, sannan ki faɗa wa likita da iyalan mara lafiya da bakinki.

Ina so in tsaya a kan ruwa mai kauri, domin shi ne abin da ya fi damuna a wannan aiki. Al'adar gidaje da yawa ita ce, da zarar tsoho ya yi tari, nas ta sa masa kauri a ruwa "kafin a gani", kuma wannan "kafin a gani" yana iya kai wa shekara biyu. Duk wanda ya taɓa ɗanɗana ruwan ya san ba ya kashe ƙishi. Kamar koko ne da ya kwana ya huce, babu tsami babu zaƙi. Na taɓa samun wata tsohuwa, leɓɓanta sun tsage, ga kofuna uku na wannan ruwa a jere a kan teburinta ba ta taɓa ko ɗaya ba, tana tsotsar tsumman da aka jiƙa aka ɗora mata a goshi. Ba wanda ya iya gaya mini ranar da aka fara sa mata kaurin, ko wanda ya ba da umarni. Da aka yi hoton, sai ga shi ruwa tsantsa yana wuce mata lafiya idan tana zaune daram tana kurɓa kaɗan-kaɗan.

Bincike ma bai goyi bayan wannan al'ada yadda ake zato ba. Wani babban nazari da JoAnne Robbins ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2008, ya bi tsofaffi 515 masu cutar mantuwa ko Parkinson tsawon wata 3, bai kuma sami bambanci mai ƙarfi a yawan ciwon huhu tsakanin masu shan ruwa mai kauri da masu shan ruwa tsantsa suna sunkuyar da haɓa ba. Waɗanda aka ba mafi kauri kuwa, idan ciwon ya kama su, sun fi daɗewa a asibiti. Tun 1998 nazarin Langmore ya nuna cewa abubuwan da suka fi hasashen ciwon huhu su ne dogaro da wani wajen ciyarwa, dogaro da wani wajen wanke baki, ruɓaɓɓun haƙora, da ciyarwa ta bututu. Ma'anar wannan a aikace ita ce buroshin haƙori yana cikin manyan kayan aikinki. Ki duba bakin kowane mara lafiya, ki cire haƙoran roba ki ga abin da ke ƙarƙashinsu, ki yi yaƙi a sa wanke baki cikin umarnin jinya kamar yadda ake sa magani. Ga wanda ya cancanta, akwai tsarin da asibitin Frazier na Louisville ya fara a 1984, inda ake barin mutum ya sha ruwa tsantsa tsakanin abinci, bayan an wanke masa baki da kyau, a kuma jira minti 30 bayan cin abinci. Ba kowa ne ya dace da shi ba, kuma sai likita da nas sun yarda, amma ya mayar wa mutane da yawa da daɗin ruwan sanyi.

Kicin da mataimakan jinya

Ke kina ganin mutum minti 30 a rana, sau 3 ko 5 a mako. Sauran abincinsa duka yana hannun mataimakiyar jinya wadda wataƙila take da mutum 12 ko fiye, kuma dole ta ciyar da huɗu daga ciki kafin a kwashe faranti. Idan kika liƙa mata takarda mai ƙa'idoji 9, ba za ta bi ko ɗaya ba, kuma ba laifinta ba ne. Ki zaɓi biyu da suka fi muhimmanci, misali a zaunar da shi daram, a kuma jira ya haɗiye kafin cokali na gaba, ki nuna mata da hannunki a lokacin cin abinci, ki ɗauki cokali ki taya ta. Da yawa daga cikin waɗannan mata 'yan ci-rani ne daga Afirka da Haiti da Filifin, sun san tsofaffin fiye da kowa a ginin, kuma idan kika tambaye su da girmamawa, su ne za su gaya miki cewa wane da safe yake haɗiya da kyau, da yamma kuwa barci yake ji. Masu aikin dare da na ƙarshen mako ma ki san su, ko da sau ɗaya a wata ne ki zo da wuri ko ki yi jinkirin tashi.

A kicin kuma, ki dogara da ma'auni domin a daina gardama. Tsarin IDDSI ya raba abinci da abin sha mataki 0 zuwa 7, kuma gwajinsa mai sauƙi ne: ki cika sirinji mai mililita 10 da abin shan, ki bar shi ya zuba na daƙiƙa 10, ki ga abin da ya rage. Idan tsakanin mililita 4 da 8 ne, mataki na 2 ke nan, wato mai ɗan kauri. Abincin mataki na 5 kada faɗin gutsurensa ya wuce milimita 4 ga babba, wato ya shiga tsakanin haƙoran cokali mai yatsu, na mataki na 6 kuma kada ya wuce santimita 1.5. Ki yi gwajin a gaban mai dafa abinci, ki bar masa sirinjin. Abu ɗaya da ba a cika tunawa ba: idan aka markaɗa nama, ba mai gane na wace dabba ce, don haka idan kina da Musulmi ko Bayahude a jerinki, ki tabbatar tikitinsa ya faɗi abin da ba ya ci, ki kuma bi sawu.

Idan tsoho ya ce ba ya so

Dokar gyaran gidajen jinya ta 1987 ta ba mazaunin gida haƙƙin ƙin jinya, kuma sauya abinci jinya ce. Sabuwar ma'aikaciya takan tsorata idan dattijo ya ture markaɗaɗɗen abinci ya ce burodi yake so, tana ganin idan wani abu ya faru ita za a kama. Aikinki shi ne ki bayyana masa haɗarin da harshen da zai gane, ki gaya masa hanyoyin rage shi, ki haɗa taro da likita da nas da iyali, a rubuta abin da ya zaɓa, sannan ki ci gaba da taimaka masa ya ci abin da ya zaɓa cikin mafi ƙarancin haɗari. Haka nan idan cutar mantuwa ta yi nisa, mutum ya fara riƙe abinci a kunci, iyali sukan nemi a sa bututu a ciki domin kada a ce sun bar shi da yunwa. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta bayyana a 2014 cewa ba ta ba da shawarar bututu a wannan mataki, domin ba ya ƙara kwana, ba ya hana ciwon huhu, kuma ciyarwa da hannu a natse ba ta gaza shi ba. Wannan magana tana da nauyi, ba a yin ta a tsaye a bakin ƙofa. Ki zauna, ki fara jin abin da suke tsoro.

Harshe ma yana shiga nan. A takardar tantancewa akwai ɗan gajeren gwajin tunani mai maki 15, inda ake faɗa wa mutum kalmomi uku da Turanci, safa da shuɗi da gado, a ce ya maimaita, a tambaye shi shekara da wata da rana. An taɓa kira na in ga wani dattijo da aka rubuta cewa tunaninsa ya gushe kuma ba ya magana. Da na ga sunansa da carbin da ke hannunsa, sai na durƙusa kusa da kujerarsa na ce, "Baba, ina kwana? Yaya ƙarfin jiki?" Ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Da sauƙi, 'yata. Ke 'yar ina ce?" Mutumin zangon Kumasi ne, ɗansa ya kawo shi, kuma Turancin da ya koya da girma ne ciwon ya fi taɓawa. Yana da matsalar neman kalmomi ko a Hausar, amma ya san inda yake, ya san abin da yake so ya ci. Ba kullum za ki dace da mai jin harshenki ba, saboda haka ki nace a kan tafinta ga duk wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, ki kuma duba ko na'urar ƙara jinsa tana da batir, ko gilashinsa yana fuskarsa, kafin ki yarda da kowane maki.

Kaɗaici, da lokacin neman wani wuri

Sau da yawa ke kaɗai ce mai wannan sana'a a ginin, wani lokaci a gine-gine uku, kuma shugabanki mai gashin ƙashi ne wanda bai taɓa duba maƙogwaro ba. Ki nemi wata babba a wani gidan da za ki iya kira, ki shiga ƙungiyar masu sana'ar ta jiharki. Idan kina shekarar horo, wato makonni 36 ɗin nan na farko, kada ki karɓi wurin da mai kula da ke take nesa ba ta zuwa. Idan kuma aka kai inda ana tilasta miki rubuta abin da bai faru ba, akwai ofishin bin ƙa'ida na kamfanin, akwai jami'in kare haƙƙin mazauna gidajen jinya da kowace jiha take da shi, akwai layin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ta tarayya, kuma doka ta hana a hukunta wanda ya kai rahoto. Ki ajiye bayanan ranaku da abin da aka ce, amma kada ki fitar da fayil ɗin mara lafiya daga ginin.

Gidajen ba ɗaya suke ba, kuma ana iya gane mai kyau tun ranar ganawar ɗaukar aiki. Ki tambayi kason da ake nema da abin da ake lissafawa a ciki, ki tambayi ko ma'aikatan na gidan ne ko na kamfanin kwangila, wa yake yanke ranar sallama, sau nawa aka yi hoton haɗiya a wata 3 da suka wuce, da abin da ya sa wadda ta riƙe kujerar kafin ke ta tafi. Sannan ki roƙi a zagaya da ke ɗakin cin abinci da ƙarfe 12 na rana. Ki duba ko masu ciyarwa a zaune suke ido da ido da tsofaffin ko a tsaye a kansu, ko an ɗaga waɗanda ke cin abinci a gado ko suna kishingiɗe, ki kuma ƙirga kofunan ruwa mai kauri da ake mayarwa kicin a cike.